Wakilin AI ya goge mana rukunin taki: a ƙwace masa ikon gogewa ko a bar masa?

Ma'ajin Manoma
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ni ke riƙe da asusun ƙungiyarmu ta manoman masara a wajen Shika. Tun bara muka ajiye littafi muka koma wata manhajar kasafin kuɗi, duk abin da ya fita sai a jefa shi a rukuninsa: taki, iri, maganin feshi, hayar tarakta, kuɗin mota, cajin banki da sauransu. Wani yaronmu ya haɗa mana manhajar da irin wakilin nan na AI, wanda za ka rubuta masa abin da kake so ya je ya aiwatar da kansa. Yana rage wahala, ba zan ci haƙƙinsa ba. To satin da ya wuce na ce masa rukunan sun yi yawa, ya cire waɗanda ba a amfani da su. Sai ya cire har da na taki, wai tun watan Agusta ba a kashe ko kwabo a cikinsa ba. Jimillar kuɗi tana nan daidai, amma duk takin da muka saya a damina yanzu ya koma cikin tarin kuɗaɗen da ba su da rukuni, ya cakuɗe da kuɗin lodi da na shayin taro. Ga taron shekara ya ƙarato, kuma tambayar farko da membobi ke yi ita ce nawa taki ya ci. Shin ana iya dawo da shi? Kuma ya kamata tun farko a ba irin wannan abu ikon goge rukuni?

Alhaji Mai Hatsi
Wa alaikumus salam. Littafina na Sabon Gari bai taɓa tashi cikin dare ya yage shafinsa ba. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Ɗan Samaru
Baba Alhaji, a yi mana afuwa, littafi ma gara tana ci. Malam Ma'aji, bari in faɗa maka abin da ya faru a ciki, don ka san inda za ka nema. A rumbun bayanan manhaja, rukuni layi ne guda mai lambarsa. Kowane kuɗi da ka shigar ba sunan "taki" yake riƙewa ba, lambar nan yake riƙewa. Idan aka goge layin, dole wanda ya gina manhajar ya riga ya yanke abin da zai sami kuɗaɗen da ke rataye da lambar. Ko dai manhajar ta ƙi gogewa, ko ta bar su ba lamba, ko ta share su gaba ɗaya tare da rukunin. Kai ka faɗa a ta biyu, ka gode wa Allah ba ta ukun ba ce.

Manhajojin da suka san abin da suke yi ba sa barin mutum ya wuce wannan gaɓar ido rufe. A manhajojin kasafin kuɗi irin su YNAB da Actual Budget, in ka zo goge rukunin da ke da kuɗaɗe a ciki, sai sun tambaye ka wane rukuni za a mayar da su. GnuCash ma tana tambaya. QuickBooks ta intanet kuwa ba ta goge asusu, wato rukuni a wurinta, kashe shi kawai take yi ya daina bayyana, tarihinsa na nan. Matsalar ita ce wannan tambayar a fuskar manhaja take fitowa, inda ɗan Adam ke dannawa. Shi wakilin ba ta nan yake bi ba, ta ƙofar da aka buɗe wa na'urori yake shiga. In wanda ya rubuta masa umarnin gogewa bai wajabta faɗin inda kuɗaɗen za su koma ba, to babu mai tsayar da shi ya tambaya.

Hajiya Tsohuwar Akanta
Yaron nan ya yi bayani, amma ta ɓangaren na'ura. Ni ta ɓangaren lissafi zan yi magana, don na yi aikin nan har na yi ritaya. Wanda ya goge rukuni ba gobe ya gyara ba, jiya ya canza. Rahoton da ka karanta wa membobi bara, suka ɗaga hannu suka amince, in yau ka danna ka ce manhaja ta sake fitar da shi, ba zai fito yadda suka gan shi ba. Mai binciken kuɗi in ya zo ya tarar da takarda ta faɗi abu, na'ura ta faɗi wani, ba ruwansa da cewa jimilla ta yi daidai. Zai tambaye ka wa ya taɓa, yaushe, da izinin wa.

Kuma kada ku ɗauka mayar da kuɗaɗen wani rukuni ya warware maganar. In ka kwashe taki ka zuba a "kayan gona", ka rasa damar kwatanta kuɗin takin bana da na bara har abada, sai dai ka zauna ka tsince su ɗaya bayan ɗaya. Dubi abin da ya faru bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur. Duk wanda ya ware kuɗin mota a rukuninsa daban, ya ga da idonsa yadda sufuri ya riƙa cinye masa riba. Wanda ya cusa shi a "sauran kashe-kashe" kuwa sai dai ya ce abubuwa sun yi tsada, ba zai iya nuna maka ina ba.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce kamfani ya adana bayanan lissafinsa shekara shida. Na san ku ƙungiya ce, ba kamfani ba, amma ku ɗauki ma'aunin. A wurina shekarar da aka rufe an rufe ta, ko ma'aji bai kamata ya iya taɓa ta ba, balle na'ura.

Ma'ajin Manoma
Ranki ya daɗe, wannan ita ce damuwata. Shugabanmu ba ya wasa da takardar bara.

Uwar Biyu Gyallesu
Ni abin da ya ba ni tsoro shi ne dalilin da ya bayar, wai an daɗe ba a kashe kuɗi a ciki ba. To ai rabin rayuwarmu haka take. Ina da rukunin ragon Layya a kasafin gida, duk wata ina zuba masa wani abu, sau ɗaya a shekara ake taɓa shi. Haka kayan sallar yara, haka kuɗin haya, haka cefanen azumi. Kuma Layya ba ta tsayawa a wata guda na bature, duk shekara tana matsowa da kusan kwana 11. Na'urar da ke duba wata shida baya ta ce rukuni ya mutu, ta ina za ta san wannan? Abin da ya fi muni a irin manhajar da nake amfani da ita, kuɗin da ka ware wa rukuni in rukunin ya tafi ba tare da an mayar da su wani wuri ba, komawa suke cikin kuɗin da ba a ba aiki ba. Sai maigida ya leƙa ya ga kamar akwai rara, ya ce a gyara mota.

Mai POS na PZ
Ku tsaya, kada a yi wa abin nan taron dangi. Ni na ga amfanin gogewa. Ina da yara uku a shaguna daban, kowa in ya zo shigar da naira 50 ɗin nan da ake cira a tiransifar dubu goma zuwa sama, sai ya ƙirƙiri rukuninsa. Wannan ya rubuta "cajin banki", wancan "caji", ɗayan "kuɗin gwamnati". Kafin wata uku jerin rukunaina ya fi na masu bin bashi tsawo. Wakilin ne ya share min su cikin minti kaɗan. In kuka ce komai sai ya dawo ya tambaye ni, mene ne amfaninsa? Kuma ku faɗi gaskiya, wanda aka tambaya "ka tabbata?" sau ashirin a rana, daga ta biyar ya daina karantawa, dannawa kawai yake.

Ɗan Samaru
Yaya, abin da ya yi maka haɗewa ce, ba gogewa ba. Rukuni uku masu ma'ana ɗaya suka koma ɗaya, kuɗaɗen suka bi. Wannan babu wanda ya rasa komai. Amma maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, yawan tambaya na kashe tambaya. Shi ya sa ni in na rubuta irin wannan haɗin, ba na barin tsaron a hannun wakilin, a cikin umarnin kansa nake sa shi. Rukunin da tun da aka ƙirƙire shi ba a taɓa shigar da komai ba, kuma ba a ware masa kuɗi ba, ya goge, ba sai ya dame ka ba. Wanda ke da ko da layi ɗaya a tarihinsa, umarnin ya ƙi, ya mayar masa da amsa cewa akwai shigarwa kaza, kuɗi kaza, daga wata kaza zuwa wata kaza, sai mai asusu ya faɗi makomarsu. Da Malam Ma'aji ya ga an rubuta masa adadin kuɗin da ke cikin taki kafin a taɓa, ai da bai yarda ba.

Injiniya Hanwa
Ƙanena, na yarda da rabin maganarka. Ni ra'ayina kada umarnin gogewa ya shiga jerin abin da wakilin ke gani kwata-kwata. A ba shi na ɓoyewa, a ba shi na canza suna, a ba shi na kawo shawara. Abin da ba ya hannunsa ba zai yi kuskure da shi ba.

Ga dalilina. Da yawa daga irin haɗin nan da tsarin MCP ake yi, wato ƙa'idar haɗa wakilin AI da manhajoji, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamba 2024. A 2025 aka ƙara masa damar liƙa wa kowane umarni alama, cewa wannan karatu kawai yake yi, wannan kuma yana iya rusa abu. Mutane na ganin alamar sai hankalinsu ya kwanta. Alhali ƙa'idar da kanta ta ce alamar ishara ce kawai, kada a dogara da ita sai in an amince da wanda ya rubuta haɗin. Ba ta hana komai. Manhajar da kake hira da wakilin a cikinta ita ce za ta ga dama ta tsaya ta tambaye ka, kuma da yawa suna da maɓallin "ka yarda kullum", wanda Mai POS zai danna a rana ta farko.

Ku tuna abin da ya faru a Yuli 2025. Wani ɗan kasuwa a Amurka, Jason Lemkin, yana gina manhaja da wakilin AI na kamfanin Replit, ya faɗa masa ɓaro-ɓaro kada ya canza komai, wakilin ya je ya share rumbun bayanan da ake aiki da shi. Da aka tambaye shi ko za a iya dawo da bayanan, ya ce ba zai yiwu ba, sai ga shi an gwada an dawo da su. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya ce abin bai kamata ya faru ba, suka raba rumbun gwaji da na aiki. Ka ga gyaran da suka yi ba ƙara wa wakilin gargaɗi ba ne, nesanta hannunsa suka yi daga abin. Malam Ma'aji, kai ma kada ka tambayi wakilin ko taki zai dawo ka ɗauki amsarsa a matsayin hukunci. Ka je ka duba da kanka.

Ɗan Samaru
Yaya Injiniya, in ka cire gogewa ka bar canza suna da haɗewa, ai ɓarnar na nan. Zai iya haɗe taki da kuɗin shayi, sakamakon ɗaya ne.

Injiniya Hanwa
Haɗewa ma shawara zai kawo, mutum ya danna. Canza suna kuwa lambar ba ta motsa ba, ana mayar da shi cikin daƙiƙa. Ma'aunina ba girman aikin ba ne, shin in ya yi ba daidai ba zan iya komawa inda nake ko ba zan iya ba. Akwai kuma wani abu da ba a ambata ba. Wakilin nan yana karanta bayanin da mai turo kuɗi ke rubutawa a tiransifa, don da shi yake gane rukuni. Wannan gurbin kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a ciki. Wani ya turo wa ƙungiya naira 100 ya rubuta magana mai kama da umarni, ba duk wakili ne ke bambance maganar maigidansa da rubutun da ya tsinta a hanya ba. Har yau wannan matsalar ba a gama maganinta ba. In babu gogewa a hannunsa, mafi munin abin da za a sa shi shi ne ya ɓoye rukuni, kai kuma ka fito da shi.

Angon Bana
Ni dai a bar gogewar nan don Allah. Ina da wani rukuni tun kafin aure mai suna "toshi", kuma ba amaryar da ke gidana aka yi wa ba. Ɓoyewa ba za ta fisshe ni ba, Madam ta iya danna "nuna ɓoyayyu".

Uwar Biyu Gyallesu
Ƙanena, goge rukunin ba zai goge sunan wadda ka tura wa kuɗin a takardar banki ba. Ka je ka yi bayani tun da sauran mutunci.

Malam na Ƙofar Doka
Allah ya shirye ka, ango. Ina bin maganar tun ɗazu. Abin da zan ƙara kaɗan ne. A fiƙihu wakili ba ya wuce iyakar abin da aka wakilta shi, kuma inda magana ta zo a dunƙule, al'adar mutanen wurin ce ke fayyace ta. Da Ma'aji ya faɗa wa yaron shagonsa ya fitar da kayan da ba a amfani da su, yaron ba zai watsar da buhunan taki don rani ya yi ba, saboda ya san damina na tafe. Wannan na'urar ba ta zauna da mu ba, ba ta san al'adar ba, don haka bai dace a sakar mata magana a dunƙule kan abin da ba ya dawowa ba. Sannan dukiyar nan ba ta Ma'aji ba ce, amana ce ta mutane. Rubutun bashi musamman, wanda aya ta 282 a Baƙara ta yi umarni da shi, ina jin tsoron a ce rukunin "bashin membobi" ne ya tafi. Haka mai lissafin zakka, in ya kasa rabe abin da ya noma da ruwan sama da abin da ya noma da ban ruwa, ta yaya zai san inda zai fitar da ɗaya cikin goma da inda zai fitar da ɗaya cikin ashirin?

Ma'ajin Manoma
Allah ya gafarta Malam, na duba yanzu, na bashin membobi yana nan. Wani ya biya wani kaso na bashinsa a watan jiya, shi ya cece shi.

Hajiya Tsohuwar Akanta
Ka ji ko? Sa'a ce ta tsare shi, ba tsari ba.

Alhaji Mai Hatsi
To ku da kuka iya, ku faɗa wa bawan Allah yadda zai fita, taro na jiransa.

Ɗan Samaru
Malam Ma'aji, kafin komai ka cire haɗin wakilin na ɗan lokaci, kada ya ƙara "gyara" wani abu a kai. Sai ka kira yaron da ya haɗa muku ya duba ko manhajar na ajiye kwafi da kanta, ko kuma ka taɓa fitar da bayanan zuwa Excel kafin ranar. Wasu manhajojin ma ba sa share layin da gaske, alamar "an goge" kawai suke sa masa, wanda ya san ciki zai iya ɗaga ta. In an samu kwafi, kada a ɗora shi kai tsaye a kan na yanzu, don duk abin da ka shigar bayan ranar zai tafi. A buɗe shi gefe, a ciro jerin kuɗaɗen taki, a mayar da su.

In babu kwafi, aikin hannu ne amma ba mai yawa ba. Taki lokacinsa sananne ne, daga wajen Mayu zuwa Agusta, dilolinku kuma ba su da yawa. Ka tace da sunan dila, yawancinsu za su fito.

Hajiya Tsohuwar Akanta
Wanda aka biya da tsabar kuɗi ba zai fito da sunan kowa ba, sai rasit. Ka ɗauko fayil ɗin rasit ka zauna da sakatare, ku biyu, kowane layi da kuka mayar ku sa masa alama a takarda. In kun gama, jimillar ta yi daidai da abin da ke cikin rahoton ƙarshen damina da kuka riga kuka raba wa membobi. Kuma a taron ka faɗa musu abin da ya faru da bakinka, a rubuta a bayanan taro. Gara su ji daga gare ka.

Mai POS na PZ
Me zai hana ya ce wa wakilin ya tsinto su? Ai ya fi saurin ido.

Injiniya Hanwa
Ya tsinto ya jera, e. Ya shigar da kansa, a'a. Zai ga kuɗin motar da ta ɗauko taki daga Sabon Gari ya ce taki ne, alhali su a kuɗin mota suke sa shi.

Mai POS na PZ
To na ji. Amma ni nawa ba zan cire masa ba, kuɗina ne ni kaɗai, ba mai kira na taro.

Ɗan Samaru
Kai ka sani, Yaya, amma ka riƙa fitar da kwafi duk ƙarshen wata. Malam Ma'aji, saura abu ɗaya da ake mantawa. In kuna da ƙa'idar nan da ke cewa duk kuɗin da aka tura wa dila kaza a jefa shi a taki, to tsohuwar lamba take nunawa. Sabon rukunin da za ka buɗe, ko da sunansa "taki", lambarsa daban ce. Ka gyara ƙa'idar kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba sayayyar bana ma za ta zube a marasa rukuni.

Ma'ajin Manoma
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaron zai zo bayan la'asar mu duba kwafin. Tambaya ɗaya, Hajiya. Tunda za a sake ginawa, membobi sun daɗe suna so a raba takin NPK da na yuriya. In raba su yanzu gaba ɗaya?

Hajiya Tsohuwar Akanta
A'a ɗana. Na bara ka mayar da shi rukuni ɗaya yadda aka karanta shi. Sababbin biyun su fara daga sayayyar bana, ka sa su ƙarƙashin babban rukuni guda don ka iya haɗa su ka kwatanta da bara. In an gama taro sai ka ɓoye tsohon.